Kaset Mai Alamar Garkenmu

Kwamfutar ba tawa ba ce, ta ƙanena ce, wanda ya yi boko ya samu aikin ofis. Da aka yi masa canji zuwa Biu, sai ya bar ta a gidanmu na Bolori, a kan teburi, lulluɓe da tsohon zanen gado. Kafin ya tafi ya nuna mini inda ake kunnawa, da inda ake dannawa bakinta ya buɗe a sa faifai, da ɗan hoton da ake taɓawa bidiyo ya fara. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ke nan. Na haura arba'in a lokacin. Da safe ina dillancin shanu a kara, bayan la'asar kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. Na kai inda nake haɗa baƙi da wasali in fitar da kalma, amma a hankali, ina bi da yatsa.

Kaset ɗin bidiyo ɗaya muke da shi a gidan. An ɗauke shi ranar sunan 'yata, shekara biyu kafin Baba ya rasu. Akwai wurin da mai ɗaukar hoton ya ce wa Baba ya yi magana. Baba bai san abin da ake faɗa wa inji ba, sai ya gyara zama a kan buzunsa ya kama kiran shanunmu da fari ya kashe kafin mu shigo gari. Da Fulatanci ya kira su, kowace da sunanta, uwa da 'yarta da jikarta, har ya kai ƙarshen garken. Ranar da aka kawo kaset ɗin ya ce duk abin da yake na gida a sa masa alama. Na ɗora ƙusa a garwashi na zana alamar garkenmu a gefen robar, layi biyu da ƙugiya.

Bayan rasuwarsa idon Inna ya yi rauni, saura kunne. Kowace Juma'a idan na sauko daga masallaci sai ta ce, "A kunna abin nan." Ba ta taɓa cewa tana son jin muryarsa ba. Ko sunansa ba ta kira, kamar yadda ba ta kiran nawa saboda ni ne ɗan fari.

Ina da amini mai shagon ɗaukar bidiyon biki a Umarari. Mahaifinsa ne ya sauke mu a gidansa lokacin da muka shigo Maiduguri ba mu da komai sai ƙwarya da tabarma da shanu biyu. Babarbare ne, don haka tun muna samari ba ma gaisawa sai da tsokana. Shi ya ce mini zafin garin nan yana cinye kaset, in kawo ya juye mini a faifai, ya samu sabuwar na'ura.

"Faifai ba ya mutuwa," in ji shi. "Jikokinka ma za su gani, in dai Fulani sun waye kafin nan."

"Ubangidanka ne ke magana, ka riƙe shi da hannu biyu," na ce, na miƙa masa.

Bayan kwana huɗu ya ba ni faifan. Kaset ɗin kuwa ya ce ya aika da shi Kano a wanke masa datti, zai dawo.

Ranar Juma'a na shimfiɗa wa Inna tabarma kusa da teburin na kunna. Hoto ya fito, ga Baba a kan buzu. Ya buɗe baki ya kira saniya ta farko, sai ya tsaya cak da bakinsa a buɗe. Muryar ta yi in'ina, ta maimaita rabin kalma sau uku, sannan hoton ya yi tsalle, Baba ya riga ya wuce shanu biyar ko shida. Haka ya yi ta yi har ƙarshe. Inna ta saurara. Da ya ƙare ta ce, "Bai da lafiya ne abin?"

Na koma wurin aminina. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce an haɗa Bafulatani da kwamfuta, dole a ga abin mamaki. Ya ce hannuna duk man shanu ne, in goge faifan da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki. Na goge. Bai canza ba.

Da na sake zuwa ya ce zafi ne, kwamfuta ba ta son bazara. Na ɗauke fankar ɗakina na kafa mata, na jiƙa buhu na rataya a taga, ni ina kwana cikin zufa ita tana shan iska. Bai canza ba. Ya ce to wutar unguwarmu ce ba ta da ƙarfi. Na aro sitabilaiza mai daidaita wuta a wurin tela maƙwabcina, na jira ranar da aka kawo wuta mai kyau. Daga baya ya ce ƙwaƙwalwar kwamfutar ce ƙarama, sai ƙanena ya dawo ya ƙara mata. Duk abin da ya faɗa na yi, kuma duk lokacin da ya faɗa sai ya haɗa da wasa, ni ma in rama, mu rabu muna dariya. Juma'a bakwai Inna tana zuwa ta zauna a tabarmar, ta saurari guntayen, ta tashi.

Abin da ya buɗe mini ido aikin gida ne. Malaminmu ya ce kowa ya rubuto lambobin da yake gani a rayuwarsa, na mota ko na ƙofar gida. Ni kuwa akwai wasu lambobi da suke gudu a ƙasan hoton idan faifan yana tafiya. Na ce bari in rubuta waɗannan, tunda idan ya cije suna tsayawa, in samu damar kwafa. Na rubuta na ranar Asabar. Na rubuta na Lahadi a shafin da ke kallonsa. Da na bi su da yatsa sai na ga iri ɗaya ne. Da fanka da babu fanka, da wuta mai ƙarfi da marar ƙarfi, a wuri ɗaya yake tsayawa.

A kara, idan sa yana ɗingishi, mai shi yakan ce ƙasar wurin ce. Sai mu ja shi kan yashi, mu ja shi kan tsandauri. In ya yi a duka biyun, ƙafar ce. Na aro faifan wa'azi a wurin telan nan na sa a kwamfutar, ya tafi sumul daga farko har ƙarshe. Na roƙi malaminmu ya sa mini nawa a kwamfutar ofishin makarantar da muke aron ajinta. Na buɗe littafina a gefe. Kafin ya cije ina faɗin lambar, kuma bai saɓa ko sau ɗaya ba. Malam ya ce, "Alhaji, tun wajen juyewa aka samu matsala. A koma kan kaset ɗin a sake."

Hankalina ya kwanta a ranar, don na ɗauka abu mai sauƙi ne.

Washegari da hantsi na je Umarari. Na tarar yana sallamar wasu mata, ya nuna mini benci. Ina zaune ina kallon kantar da yake jera kaset-kaset, sai idona ya faɗa kan layi biyu da ƙugiya. Na tashi na zaro shi. An manna masa sabuwar takarda. Na sa yatsa na bi rubutun, baƙi da wasali, ina motsa baki: wushe-wushe, Galtimari. Shagalin bikin wasu ne aka ɗauka a kai.

Da matan suka fita ya juyo ya gan shi a hannuna.

"Kai Fulata, ajiye kayan mutane, ba nono ba ne."

"Yaushe ya dawo daga Kano?"

"Wannan ba naka ba ne. Duk kamarsu ɗaya."

Na juya masa gefen da alamar take. Ya san ta. Ya gan ta a cinyar shanu biyun da suka rage mana, waɗanda aka ɗaure a bayan gidan mahaifinsa. Sannan na karanta masa takardar da ƙarfi.

Ya zauna. Abin da ya fara cewa shi ne, "Yaushe karatun naka ya kai haka?"

Daga nan ya faɗa mini. Ranar da ya juye, bai duba faifan ba. Da yamma aka kira shi biki, kaset ɗin da babu komai a kai ya ƙare masa, sai ya ɗauki nawa tunda a ganinsa an riga an kwashe abin da ke ciki. Washegari ya gwada faifan ya ga yadda yake. Tun kafin ya miƙo mini ya sani.

"Goge faifan fa? Da fankar?" na ce.

"Na ɗauka za ka gaji ka bari."

Da a ranar farko ya ce ya yi kuskure, da na yi baƙin ciki na haƙura, don na taɓa sayar da saniyar da ba ita aka ce in sayar ba. Amma wata biyu yana aika ni ina jiƙa buhu, yana dariya, ya san tsohuwa tana zaune a tabarma tana jira. Ya dogara da cewa ban iya karatu ba, kuma na yarda da shi. Na ajiye masa kaset ɗin a kan teburi, tunda bikin mutane ne a ciki, na fita.

Ranar Juma'a na faɗa wa Inna gaskiya. Sai ta ce, "Kunna hakan." Na kunna. Da Baba ya tsaya da baki a buɗe, sai na ji ta faɗi sunan saniyar da ta biyo baya, a hankali, da wadda ta biyo bayanta. Na jawo littafina na fara rubutawa da baƙaƙen Hausa, yadda kunnena ya ji. Juma'a huɗu muka yi muna wannan. Akwai wurare uku da ta ce ta manta, ni kuma ina yaro lokacin. Na bar layukan babu komai, har yau haka suke.

Ni da aminin nawa muna haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure. Sau ɗaya ya gwada, ya hango ni a bakin masallaci ya ce, "Ina bawana Bafulatani?" Na ba shi hannu na ce, "Sannu, Alhaji. Ya iyali?" Bai sake ba.