Jan Bulon Baba

"Haƙa nan, gabas da tsamiyar," in ji Baba, yana dogare da sanda a jejin bayan Mando, wajen 1975.

Ya daɗe yana cewa ya yi aikin ɗan doka a wani caji ofis na zamanin Turawa a nan. Yayana ya ce gigin tsufa ne. Ni ma, Allah ya yafe mini, haka na rubuta a littafin da nake tara labaransa.

Na kama haƙa, a sara na uku diga ta yi ƙara. Sai ga jan bulo a jere, da zoben ɗaure fursuna.

"Baba, ashe gaskiya ne!"

"Ciro ɗaya ka kai wa yayanka, Sule. Ka ce mahaukacin yana gaishe shi."

Da gudu na kai.

Ku fa, wane labarin tsohonku kuka taɓa ƙaryatawa?