Tsokar Maman Sali a Cikin Kula: Daga Jimeta Zuwa Kano

Malaminmu na ajin yaƙi da jahilci ya ce in rubuta wannan tafiya da hannuna, ga ta.

Wata biyu ke nan da aka yi wa matata, Maman Sali, aikin ciwon dajin babban hanji. Likita ya ce akwai gwajin da ba a yi a Yola, shi zai nuna ko sai an yi mata ƙarin ruwan maganin daji. Ita kuwa ta ga yadda ruwan ya kayar da maƙwabciyarmu, tun daga ranar ta daina taɓa abinci sai kunu.

Litinin

Na bar unguwarmu Limawa ƙarfe biyar da kwata, bayan asuba. Asibiti sun ba ni wasiƙa da 'yan dunƙulen kakin kyandir biyu, kowanne bai kai kwalin ashana ba. Ɗaya da tsokar ciwon a ciki, ɗaya da lafiyayyar tsokar gefensa. Aka ce kada zafi ya taɓa su. Surukata Dada ta naɗe su da ƙyalle ta sa a kular abincin Maman Sali.

Motarmu ta tashi daga tashar Jimeta ƙarfe shida da rabi. Direba ya so ya ajiye kular a gaba, kan murfin inji. Na ce a cinyata za ta zauna. Ya ce, "Baba, abincin nan ko sarki bai kai shi gata ba."

Bayan gadar Numan muka tarar da shingen sojoji, irin waɗanda suka yawaita tun rikicin nan. Wani soja ya ce in buɗe kular. Ya leƙa, ya ce, "Mene ne wannan?"

Ni ban iya kwana-kwana ba. Na ce, "Tsokar matata ce."

Matar da ke gefena ta janye jakarta. Aka sauke ni. Na miƙa wasiƙa, sojan ya ce takarda kowa na iya samu. Sai na ɗora yatsa a kan lambar da ke jikin kakin, na karanta masa ɗaya bayan ɗaya, na karanta ta cikin wasiƙa, har da sunan matata. Na daɗe, don ban da sauri. Ya jira. Da na gama ya rufe kular da kansa ya ce, "Allah ya ba Madam lafiya."

Mun ci shinkafa da wake a Gombe ƙarfe ɗaya, matar nan ce ma ta ƙara mini ƙwai. Mun shiga Kano ana kiran magariba, na sauka wurin yayana Hamma Buba.

Talata

Ƙarfe tara ina ɗakin gwaji. Wata ma'aikaciya ta karɓi kakin, na roƙe ta ta faɗa mini abin da za su yi. Ta ga littafina a aljihu, ta ce, "Baba, idan aka ce ka kwafi harafi ɗaya sau ashirin a jere, me ke faruwa?"

Na ce, "Ko in zarce ko in rage. Malam ya gyara da jan biro."

Ta ce haka jiki ke kwafin rubutunsa duk lokacin da ƙwayar halitta ta rabu, kuma yana da masu gyara. A wani irin ciwon daji masu gyaran sun daina aiki. Za su yanka kakin siriri, su rina shi a kan gilashi su duba ko masu gyara huɗu suna nan. Sannan na'ura ta auna wuraren maimaicin nan a tsokar ciwo da lafiyayya. In tsawonsu ya bambanta, an gane irinsa.

Na ce, "To wanne zan roƙa?"

Ta yi dariya ta ce wannan na likitanku ne.

Kwana shida na jira. Da safe ina taya Hamma Buba zama a shago, da yamma in yi aikin aji.

Talata ta biyu

Na karɓi takardar sakamako na dawo ta hanyar da na bi, na iso Jimeta ƙarfe bakwai na yamma. Washegari muka je wurin likita da Maman Sali da Dada. Ya karanta takardar sau biyu. Ya ce tsawon ya bambanta, kuma tun da ciwon bai kai ko'ina ba, irin wannan ruwan ba zai ƙara mata komai ba. Za a riƙa duba ta a kai a kai. Ya ce irinsa kan bi jini, don haka 'yan'uwanta da Sali su ma su zo.

Dada ta ce ita za ta tattaro su.

Muka hau keke mai ƙafa uku muka koma. Sai da muka shiga gida Maman Sali ta miƙo hannu ta ce, "Baban Sali, ina kulata? A wanke ta. Tuwon masara nake so, da miyar kuɓewa."

Na gode wa Allah, na gode wa Hamma Buba da ma'aikaciyar nan, da sojan da ya jira har na gama karatu.