Gyaran Baba Sule a Ɗakin Gwaji

Har gobe ban manta da safiyar jarrabawar gwajin kemistiri ba, a wata sakandare ta ƙasar Karaye, farkon shekarun casa'in. Ni kaɗai ne malamin darasin, kuma shekarata ta biyu ke nan da fara koyarwa.

Ga yadda aikin yake. Malami kan narkar da garin soda giram biyar da ɗigo uku, ya cika ruwa zuwa lita ɗaya cif. Yawan garin da ke cikin kowace lita shi ne ƙarfin ruwan. Ɗalibi ya ɗebi mililita ashirin da biyar, ya yi ta ɗiga masa asid har launi ya sauya, ya rubuta yawan asid ɗin da ya sha. Malami ma ya gwada ya aika wa hukumar jarrabawa lambar da ya samu, da ita ake ba yara maki. Wanda ya yi nesa da ita ya faɗi.

Ɗalibaina rukuni biyu ne, don haka jarka biyu ake bukata, kowace lita biyar. Na haɗa ta farko da hannuna ana jibi jarrabawa. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, sai na bar wa Baba Sule ta biyu. Dattijo ne mutumin Zoza, mai kula da ɗakin gwaji, wanda ya daɗe yana awon hatsi a kasuwa kafin ya kama aikin gwamnati.

Ƙarfe takwas na gwada jarkata, asid mililita ashirin da biyar daidai. Na gwada tasa, ashirin da takwas. Na sake, haka nan. Mai sa ido kan jarrabawa zai iso ƙarfe goma, garin soda ya ƙare, kuma lamba ɗaya zan aika. Rabin ajin zai faɗi ke nan, ba da laifinsa ba.

Na kasa zaune na kasa tsaye. Na duba sikeli, na leƙa taga, na dawo na girgiza jarka kamar hakan zai canza wani abu. Daga ƙarshe na kira shi.

"Baba, yaya ka auna garin nan?"

"Yadda ka rubuta, Malam. Biyar da ɗigo uku a kowace lita. Sai ɗan gyara da nake ƙarawa."

"Gyara kuma?"

"Haba Malam, 'ya'yan mutane ne fa za su yi jarrabawa. Ko baƙo na auna wa dawa ba na sallamarsa ba gyara, balle namu."

Haushi ya turnuƙe ni, amma sa'an mahaifina ne, na haɗiye. Na ɗauki alli na yi lissafi a allo. Ruwansa ya fi nawa ƙarfi da uku cikin ashirin da biyar, don haka lita biyar sai ta zama biyar da ɗigo shida. Na auna tataccen ruwa mililita ɗari shida na zuba, muka kama jarka mu biyu muna jijjigawa. Na gwada, ashirin da biyar. Motar mai sa ido na shigowa ina goge gumi.

Bayan an tashi na same shi yana wanke kwalabe, kansa a ƙasa.

"Malam, shekara goma sha ɗaya nake ɗakin nan," in ji shi. "Auna kaza, zuba kaza, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa gaya mini dalili."

Kunya ta kama ni. Ina ta koya wa yara lissafin ƙarfin ruwa a allo, mutumin da ke riƙe da sikelin yana tsaye a bakin ƙofa, ban taɓa ce masa shigo ka zauna ba. Ku da kuke fara aikin koyarwa, kada ku miƙa wa mutum lamba ku riƙe dalilinta. Washegari na ajiye wa Baba Sule kujera a gaban aji.