Zaren da Na Saki a Badarawa

'Yata Maryam ce ta ɗora mini wannan aiki. Da ta zo daga Abuja hutun ƙaramar salla, ta ga yadda nake wuni a falo ni da rediyo tun bayan rasuwar mahaifiyarta, sai ta haɗa mini waya da talabijin, ta nemo mini wani wasan kwaikwayo na zamanin da, kashi goma sha uku a zangon farko. Ta ce, "Baba, ka kalla ka faɗa min ra'ayinka. Na san ka, ba ka raga wa kowa." Na gane dabara ce ta sama mini abin yi. Na karɓa duk da haka, don gidan nan na Unguwar Sarki ya yi mini girma, kuma tun da na yi ritaya ba wanda ke neman ra'ayina a kan komai.

Wasan na fatake ne, masu zuwa Gwanja sayo goro tun kafin zuwan Turawa. Tsakani da Allah sun yi ƙoƙari. Wanda ya fito a madugu ya iya tafiyar manya, ya kuma iya shiru, abin da 'yan wasan yanzu ba su cika iyawa ba. Jakunan ma sun fi wasu mutanen sanin aikinsu. Sai dai kayan jikinsu sun cika sabunta, mutum ya yi wata uku a hanya amma ga karin guga a hannun rigarsa. Daga kashi na biyar zuwa na takwas kuwa labarin zama ya yi daram a gindin tsamiya, kullum shawara, ba a tashi ba. Na sami takarda ina rubuta duk wannan, yadda na saba yi wa fayil a ofis.

A kashi na tara aka nuno ƙanwar madugu zaune a tsakar gida tana kaɗi, tana jiran dawowar wanta. Hawayenta ya zo daidai, ban ga laifinsa ba. Amma ta kama mazari tsakanin tafukanta tana murzawa kamar maburgi a tukunyar miya, kuma ko ɗigon alli babu a yatsunta. Dariya ta kufce mini, na juya hannun hagu na ce, "Iya, zo ki ga kaɗi." Ba kowa a wajen sai kujera. Iya ta rasu ina ɗan shekara goma sha ɗaya.

Iya ita ce mahaifiyar babanmu. Daga wani ƙauye ta bayan Zariya take zuwa, ta yi mana wata biyar ko shida a gidan hayarmu na Badarawa, in kaka ta yi ta koma ta ga amfanin gonarta. Babanmu akawu ne a ma'aikata, ba ya son ganin tsohuwarsa tana wani aiki, ita kuwa ba ta iya zama hannu sake ba. Da an sauke tuwo an yi magariba, sai ta ja tabarmarta kusa da murhu, inda sauran garwashi ke nan da ɗuminsa, ta ajiye 'yar taskirar audugarta, ta dangwali alli da yatsa biyu don kada mazari ya zame mata. Mu shida ne yaran gidan, har da na maƙwabtan da muke tsakar gida ɗaya. Wurin zamana a hannun damanta yake, ni ke miƙa mata auduga. Ba ta taɓa kiran sunana ba, don sunan mijinta aka sa mini. Maigida take ce mini, tana tsokanata wai na cika rowa, ban taɓa ba ta kuɗin cefane ba.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Sai ta murza mazari ya fara juyawa, sannan ta ce, "Na kunce bakin zare." Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "Mun riƙe." In ba mu amsa da ƙarfi ba, ba ta ci gaba. Kuma tsawon labari tsawon zare ne, da mazari ya cika za ta tsaya, ko da kura ta buɗe baki za ta ciji mutum. Mu yi ta magiya, ta ce, "Ku tambayi mazari, ni 'yar aiki ce." Sai ran da labari ya ƙare gaba ɗaya take cewa, "Na ƙulle." Wani labarin kwana uku yake ɗauka, wani mako guda.

Wanda ya fi kowanne tsawo shi ne na Dije mai kaɗi. Dije marainiya ce, ita da ƙanenta kaɗai suka rage a gidansu. Ran nan yaron ya ce zai bi fatake ya nemo arziki. Ta hana, ya ƙi hanuwa. Da asubar tafiya sai ta ƙulla bakin zarenta a jikin akumarin jakinsa, ta ce muddin tana jin zaren yana ja, ta san yana raye. Daga ranar ba ta da hutu, don kullum yana ƙara nisa, in ta daina kaɗi zare ya tsinke. Audugarta ta ƙare, ta bi gonakin gari tana kala. Ta ƙare, ta je ta roƙi bishiyar rimi, rimi ya ce sai ta share masa gindinsa kwana bakwai. Ta roƙi tunkiya gashinta. Masu neman aurenta suka zo suka gaji, don ko gaisuwa da hannu ɗaya take amsawa. Har ta tsufa, kanta ya yi fari fat, ta shiga tsige furfurarta tana haɗawa a zaren. A nan Iya takan taɓa nata kan ta ce, "Maigida, ka ga irin wannan? Ta fi audugar kasuwa ƙarko."

A kwana na takwas, Dije ta tashi da safe ta taɓa zare, ta ji ya yi sako-sako, ba ya ja. Matan unguwa suka fara shigowa suna yi mata gaisuwar rashi. Ta ɗauko wuƙa za ta yanke shi. Daidai nan mazarin Iya ya cika. Na kama gefen zanenta na ce don Allah ta faɗa mini ko ya mutu. Ta ce, "Gobe in Allah ya kai mu. Ka zo da wuri, kai ne mai riƙe min."

Washegari Malam Audu mai gyaran rediyo, da ke gida na uku daga namu, ya kunna talabijin a ƙofar gidansa. Ita ce ta farko a layinmu. Labari ya iso mu muna cin tuwo, wai ga mutane can a cikin akwati suna magana da Hausa. Yaran suka watse ko hannu ba su wanke ba. Ni ne na ƙarshe. Na ga Iya ta riga ta shimfiɗa tabarma, ta dangwali alli. Na ce mata yanzu zan dawo, leƙawa kawai zan yi. Ta ce, "To, maigida, a dawo lafiya." Ban dawo ba sai da aka kashe akwatin bayan isha'i. Na tarar murhu ya mutu, an naɗe tabarma an jingine ta a bango.

Da safe na yi ta kewaye-kewaye don kada mu haɗa ido. Ita ce ma ta kira ni, ta ce ashe maigida ya yi sabuwar budurwa mai magana a akwati, ta yi dariya, ta ba ni ƙosai. Ba ta tayar da zancen Dije ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya. Na ce a raina zan tambaya gobe. Goben kuma akwai wani wasan a gidan Malam Audu. Haka muka yi ta yi har kaka ta zo, ta koma ƙauye, zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke ta a can. Shekara hamsin da wani abu ke nan ina ɗauke da wannan: na bar tsohuwa zaune da alli a yatsa, na bar Dije da wuƙa a hannu. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har matata, don in an faɗe shi ƙaramin abu ne, a cikina ne kawai yake da nauyi.

Wasan Maryam ya ƙare ranar wata Laraba. Fatake sun iso bakin kogi, ruwa ya cika, madugu ya sa ƙafa ɗaya a kwalekwale, sai allo ya yi baƙi, wai a jira zango na biyu. Raina ya ɓaci sosai. Na rubuta a takardata cewa rashin mutunci ne a tara mutane kashi goma sha uku a sallame su ba ƙarshe. Na karanta abin da na rubuta, na ajiye biro. Su dai sun tsaya ne da niyyar dawowa. Ni mai ba da labarin na nan zaune tana jirana na tafi.

Mutum ɗaya ya rage a duniya da ke gidanmu na Badarawa a lokacin, ban da yaran da muka gudu tare: Gwaggo Asabe, ƙanwar babanmu, wadda ta zo wankan jego a shekarar, tana kwance a ɗakin da ke kallon murhu. Yanzu tana Rafin Guza wajen ɗanta, ido ya yi rauni amma kai garau. Na je da la'asar, muka gaisa, ta yi mini faɗan rashin zumunci, na amsa laifina. Sannan na tambaye ta ko ta tuna wata tatsuniya ta Dije mai kaɗi, wadda Iya ba ta ƙarasa ba.

Ta ce, "Wa ya ce maka ba ta ƙarasa ba? Ai a ranar ta ƙarasa."

Na ce, "Gwaggo, ai duk mun tafi kallo."

"Na sani, ina jin gudunku. Ta jira ku har garwashi ya fara toka. Can sai na ji mazari ya tashi. Ta ce, na kunce bakin zare. Shiru. Sai ta ƙanƙantar da murya kamar ta yaro, ta ce, mun riƙe. Ta ci gaba da abinta, har da muryar rimi da ta tunkiya, kamar kuna nan zaune."

Gwaggo ta gyara zama ta ba ni sauran. Dije ta ɗora wuƙa ke nan sai ta ce bari ta jawo zaren tukuna ta ga inda ya tsinke. Ta ja, ya biyo, ta naɗe. Ta ja, ya biyo. Kwana da kwanaki bakin da ya tsinke bai zo ba. Ashe juyowa gida ya yi, shi ya sa zaren ya saki. Yawan shekarun da ta yi tana kaɗi, su ta yi tana naɗi. Ran nan sai ga tsohon jaki a zaure, da wani tsoho a bayansa. Ba su gane juna ba, sai da ta duba akumari ta ga ƙullin hannunta.

"Da ta kai wajen shigowarsa zaure," in ji Gwaggo, "sai ta yi shiru. Na ɗaga labule, na ga ƙofa take kallo. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, na ƙulle, ta kwashe kayanta. Na ce, Iya, wa kike ba labarin nan? Ta ce, a gaban wutar nan na buɗe, a gabanta zan rufe, ba na barin 'yar mutane ta kwana da wuƙa a hannu. Ta ce kada in faɗa maka, kunya za ta kama ka. In ka tambaya, a ba ka." Gwaggo ta lalubo hannuna ta riƙe. "To, ka tambaya yau, na ba ka."

Da ina yaro na ɗauka labarin Dije na haƙuri ne, irin wanda ake ba yara don su daina ƙorafi. Yanzu da na zama mai zaman gida, 'ya'ya huɗu kowa da garinsa, na san abin da Iya ke nufi ya fi haka kusa. In waya ta kwana uku ba ta yi ƙara ba, nakan ji zuciyata ta ɗauko wuƙa, in ce sun manta da ni, ni ma ba zan kira ba. Iya ba ta yi mini haka ba. Ta ga zarena ya saki, ba ta yanke ba, ta ajiye mini ƙarshen labarin a hannun 'yarta ko zan juyo. Na juyo, sai dai na makara ƙwarai, kuma ina kewarta yau fiye da ranar da aka zo mana da labarin rasuwarta.

Na kira Maryam a hanya, tun kafin ta kira ni. Na ce wasan ya yi kyau, madugu ya cancanci yabo, a rage zaman gindin tsamiya, a kuma nemo tsohuwa ta koya wa yarinyar nan kaɗi kafin zango na biyu. Ta yi dariya ta ce ta san ba zan rasa abin faɗa ba. Na ce in sun zo babbar salla ta taho da yaran, ina da labarin kwana tara da zan ba su.

Da na isa gida na yi magariba, ban kunna talabijin ba. Na ɗauko tabarma na shimfiɗa a tsakar gida, na zauna a gefe, na bar mata wurinta a hannun haguna yadda muke zama. Babu murhu a gidan nan, gas muke girki da shi. Na daɗe zaune ina jin motoci na wucewa a titi. Sannan na gyara murya, na faɗa da ƙarfi yadda take so, "Mun riƙe, Iya."