Hannun da Na Sa a Madadin Inna

Edita, ina gaishe ku da aiki. Ku buga wannan kamar yadda na rubuta, amma ban da sunana, kuma idan kun karanta za ku gane abin da ya sa nake tsoron sunaye a kan takarda.

Lokacin da abin ya faru ni yarinya ce mai rawar kai, 'yar Damagaram da ta zo Alƙahira karatu, ina zaune a unguwar Madinat Nasr tare da 'yan mata uku a gida ɗaya. Ina jin Hausa da Faransanci da Larabci, ina kuma ɗan taɓa zane, sai na ɗauka duk garin nan babu wayayyiya kamata. Da wannan rawar kai na sami aiki a wani ƙaramin kamfani mai haɗa wasannin kwamfuta. Kamfani dai a baki, don mu tara ne a ɗaki biyu, da fanka ɗaya mai kuka. Irin wasan nan muke yi wanda mutum zai ɗauki wani daga cikin mutanen labari ya zama shi, ya yi tafiya, ya yi magana da jama'a, abin da ya zaɓa shi zai juya labarin. Namu labarin ayarin fatake ne masu ƙetare Sahara. Ba mu da uban gida mai kuɗi. Karo-karo aka yi mana ta intanet, mutanen da suka ga samfurin suka so shi kowa ya jefa abin da zai iya, mu kuma muka yi musu alkawarin wasa idan an gama. Shugabanmu Bamisire ne mai kirki, kullum cewa yake wannan wasa namu ne mu da masu karo-karonmu, ba za mu taɓa sayar da kanmu ba.

A cikin labarin akwai wata tsohuwa mai tsaron rijiya, wadda duk matafiyi sai ya biya ta wurinta. An yi ta gwada muryoyi babu wadda ta zauna. Ni ce uwar iyayi na ce na san wadda za ta yi.

Akwai wata dattijuwa a unguwar Arba wa Nus da muke zuwa wurinta sayen daddawa da kuka, wani lokaci ta yi mana lalle. Inna nake ce mata. Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar aikin hajji suka zauna a hanya, yaƙi kuma ya koro ta Masar ita kaɗai. Hausarta irin ta da ce, mai nauyi, da Larabcin Sudan a cikinta jefi-jefi. A garinsu ita ce mai guɗa, ba a ɗaura aure ko a yi suna ba a kira ta ba, kuma ta ce mini ko daga bayan katanga ta rangaɗa, yara sun san ita ce. Ta ɗauke ni kamar 'yar cikinta. Wata rana ina tsince mata shinkafa ta gaya mini cewa sunan da unguwa ke kiranta da shi ba nata ba ne. Ta faɗa mini na gaskiya, da na mahaifinta, da garinsu. Ta ce ta ga abin da wasu masu bindiga suka yi wa maƙwabtanta, babbansu kuwa tun yana goye ta san shi, kuma ta ba wasu masu rubuta bayanai labari. Bayan haka aka aiko mata cewa duk inda ta shiga za a same ta. Ta ce amana ce ta ba ni, don idan ta mutu a nan a sami wanda ya san sunan da za a yi mata addu'a da shi.

Da na kawo mata maganar wasan sai ta yi dariya, ta ce yanzu da tsufanta za ta shiga wasan yara. Ta tambaye ni su wa za su ji. Na ce 'yan tsiraru ne, Turawa masu son tatsuniya, waɗanda ko sunan Sudan ba su iya faɗa daidai ba. A lokacin gaskiya na faɗa. Muka ɗauki muryarta kwana uku, har da guɗa. Ni kuma na zana tsohuwar rijiya da fuskarta, da tsagen da ke kumatunta, don ban ga abin da zan ƙara ko in rage ba. An biya ta hakkinta, ta sayi katifa.

Daga nan shugabanmu ya ba ni takarda ya ce a kai mata ta sa hannu, shaidar ta yarda a yi amfani da muryarta da kamanninta. Kwana huɗu takardar nan tana cikin jakata. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san abin da ya hana ni. Yaya zan zauna gaban matar da ta haifi kamar uwata, wadda ta riga ta ce ta yarda da bakinta, in miƙa mata biro in ce sai ta dangwala? Kamar na ce maganarta ba ta isa ba ke nan. Kunya ta hana ni. Sai na zauna a tashar metro, jirgin ƙasan cikin gari, na sa hannu da kaina. Akwai wurin da aka ce a rubuta suna kamar yadda ake so ya fito a jerin godiya a ƙarshen wasa, da inda mutum yake zaune. Na tsaya ina tunani. Na ga cewa in na sa sunan aro na tauye ta, don a wurinmu ba a yabon mutum a bar ubansa da garinsu. Na rubuta sunanta na gaskiya, da na mahaifinta, da garinsu, na ƙara da Arba wa Nus, Alƙahira. Har ina jin daɗi wai na karrama ta. Na ce a raina wa ma yake karanta jerin godiya.

Kusan shekara biyu babu abin da ya faru. Wasan ya fito, masu karo-karo suka yaba, musamman tsohuwar rijiya. Yabon nan ne ya jawo wani babban kamfani na waje ya saye mu ɗungurungum, da wasan, da zane-zanen, da duk takardun da ke cikin durowa. Shugabanmu da ya ce ba za mu sayar da kanmu ba shi ya kawo mana kunafa, kayan zaƙin Masarawa, ranar. Na ci yanka biyu. Aka bayyana mana cewa yanzu wasan zai shiga wani rumbu da mutane ke biyan kuɗin wata-wata suna buga duk abin da ke ciki, kamar yadda ake biyan kuɗin tashoshin kallo, kuma za a sa shi a wayar hannu, a fassara shi da Larabci. Ko sau ɗaya Inna ba ta faɗo mini a rai ba.

Wata ranar Talata da la'asar ina cikin ƙaramar bas zan koma gida, sai na ji guɗar Inna daga kujerar baya. Na juya. Wani fasinja ne riƙe da waya, tallar wasanmu ta faɗo masa, ga fuskar Inna ta cika gilashin wayar, da tsagenta. Sabon kamfanin ita ya zaɓa ta zama fuskar tallar. Da na isa gida na buɗe tallar na shiga karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙasa. Can na ga wani ya rubuta da Larabcin Sudan cewa ya san wannan guɗar, ya ambaci garin. Wani ya amsa masa cewa ya duba ƙarshen wasan, ita ce, ashe tana Masar, a gaishe ta. Na karanta wannan gaisuwa ya fi sau ashirin. Tana iya zama ta ɗan'uwa mai kewa, tana iya zama ta waɗanda suka aiko mata da saƙo. Ba ni da hanyar ganewa.

Washegari na tari shugabanmu. Ya saurare ni, fuskarsa ta sauya, ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, amma yanzu ko waƙafi ba shi da ikon cirewa, sai dai a rubuta wa lauyoyin kamfani. Muka rubuta. Suka amsa cewa suna da takardar yarda mai sa hannu, kuma mai ita da kanta ta zaɓi sunan da za a buga. Shugabanmu ya dube ni ya tambaya ko da gaske ita ta sa hannun. Na ce ita ce. Na san idan na faɗi gaskiya na amsa laifin sa hannun ƙarya, aikina zai tafi, kuma takardar zamana a ƙasar tana rataye da abubuwan da ba na so a taɓa. Na ji tsoron a kore ni, na ji tsoron idon mahaifina.

Kwana goma sha ɗaya na yi shiru. Wannan shirun ya fi sa hannun ci mini rai. Kullum in tashi in duba ƙasan tallar kamar mai duba ciwo. Ko waya ta yi ƙara sai in ce shi ke nan, an kira a gaya mini. Idan na ga dogon mutum da jallabiya a tasha sai in sauya hanya, alhali ni ba wanda ya san ni. 'Yan ɗakinmu suka ɗauka soyayya ce ta kama ni, suna ta tsokanata. Ina ta gaya wa kaina cewa Arba wa Nus ba ƙaramar unguwa ba ce, kuma can ba da wannan sunan aka san ta ba. Amma na san tsagen, na kuma san ni na zana su ɗaya bayan ɗaya.

Rana ta sha biyu na kasa daurewa na tafi. Kafin in kai ƙofarta mai shagon da ke bakin layin, wanda ya saba ganina, ya kira ni. Ya ce jiya wasu mutum biyu sun zo da hoto a waya suna tambayar wata tsohuwa mai guɗa, sun ce 'yan'uwanta ne. Ya ce bai ji daɗin yadda ɗayan yake kallon ƙofofi ba, sai ya ce musu bai san ta ba. Sun ce za su dawo. Na haura benen da ɗakinta yake da gudu.

Na same ta tana ƙulla daddawa a leda. Na durƙusa na gaya mata komai, tun daga tashar metro har zuwa mai shago, na nuna mata tallar. Ta kalli fuskarta, ta ji guɗarta. Na so ta zage ni, na so ma ta mare ni. Sai ta ajiye ledar ta ce, “'Yar nan, da kin kawo mini takardar ai da na dangwala miki. Sai dai da na gaya miki sunan da za ki sa.” Ta tashi ta fara naɗe kayanta a zani. Ni na ɗaure mata bakin ƙunshin. Na ce ta zo Madinat Nasr ta zauna da mu. Ta girgiza kai, ta ce kada in raka ta, kada kuma in tambayi inda za ta. Ta ce, “Ba don na ƙi ki ba. Abin da ba ki sani ba, ba za ki rubuta ba.” Ta fita ta ƙofar baya ana kiran sallar azahar.

A ranar na rubuta wa kamfanin cewa ni na sa hannun. Suka sallame ni, kuma cikin mako guda suka cire sunan suka sauke tallar. Abin da na ji tsoro a kaina bai kai rabin yadda na zata ba, kuma da tun ranar farko na faɗa, da wataƙila an cire kafin kowa ya hau mota ya zo nema. Hotunan da mutane suka riga suka kwafa suna nan suna yawo. Na koma Arba wa Nus sau da yawa. Mai shago ya ce mutanen sun dawo sau ɗaya, suka hau har sama, suka sauko. Lambar wayarta ba ta shiga. Ban san ko ta tsira ba.

Abin da na koya shi ne, alkawarin da na yi wa Inna da baki a kan mutum tara na yi shi, amma takarda ba ta san mutum tara ba, duk wanda ya saye ta shi take yi wa aiki. 'Yan'uwana masu aiki da waɗannan ƙananan kamfanoni, masu ɗauko muryoyin iyayenmu da fuskokinsu don a ga namu a duniya, ban ce ku daina ba. Amma ku karanta musu takarda da harshen da suke ji, ku gaya musu cewa kamfanin da suka sani yau gobe yana iya zama na wani, ku bar su su zaɓi sunan da za a sa. Idan kunya ta kama ku, ku daure ku ji ta, ta ɗan lokaci ce. Idan kuma kun riga kun yi kuskure, kada ku kwana da shi ko ɗaya. Ni na girmama Inna har na kasa miƙa mata biro, kuma yau duk bayan salla sai in ɗaga hannu in tsaya, don ban san ko addu'ar masu rai zan yi mata ko ta waɗanda suka riga mu ba.