Ta'aziyyar da Na Kai da Tukunyar Shinkafa

A Anguwan Rogo, inda aka haife ni a Jos, mutuwa ba ta ɓuya. Kafin a gama yi wa mamaci wanka an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, teloli sun tsayar da kekunansu, masu shaguna sun ja ƙofa. Har matar nan Inyamura mai sayar da kwanuka a Laranto takan rufe rumfarta ta zo ta zauna da mahaifiyata idan an yi mana rashi. Da wannan tarbiyya na sauka a Landan don karatun digiri na biyu, shekara ɗaya bayan na kammala hidimar ƙasa.

Na kama ɗaki a hawa na uku na wani tsohon bene. A hawan da ke ƙasa da ni akwai wani dattijo Bature da matarsa. Kusan kullum da safe mukan haɗu da shi a bakin ƙofa, in gaishe shi, ya gyaɗa kai. Iyakar sanayyarmu ke nan har wata huɗu. Ba zan ce haka duk mutanen birnin suke zama ba, domin gida ɗaya kawai na sani.

Wata Asabar, matar da ke zuwa share benen ta gaya mini a cikin hira cewa matar dattijon ta rasu a asibiti, kwana tara ke nan ko goma, ita ma ba ta tabbatar ba. A cikin kwanakin nan na gaishe shi aƙalla sau shida ina murmushi, har sau ɗaya na yi masa zancen ruwan sama. A unguwarmu, wanda ya wuce mai makoki bai ce masa ya haƙuri ba, har ya tsufa ana tuna masa.

Na kira mahaifiyata a waya. Ba ta karɓi uzurina na rashin sani ba. Ta ce maƙwabci ba ya jiran a aiko masa, kuma tunda jana'iza da zaman makoki duk sun wuce ni, kada in kuskura in je hannu wofi, domin gidan rasuwa ba ya rabuwa da baƙi, baƙi kuwa sai sun ci. Na aro babbar tukunya daga wani ɗalibi ɗan ƙasarmu, na dafa shinkafa dafa-duka, na rage barkono sosai. Bayan la'asar na sauko da ita ina riƙe da hannayenta da tsumma.

Da dattijon ya buɗe ƙofa, duk kalaman Turancin da na tsara suka gudu. Na dai ce na ji labarin rashin da aka yi. Ya matsa gefe, na cire takalmi na shiga. Babu kowa a gidan. Kujeru biyu ne a falo, da kofin shayi guda a kan teburi.

Ya dubi tukunyar, ya dube ni, sannan ya ce, "Mutum nawa ka yi tsammanin tararwa a nan?"

Na ce wataƙila ashirin, ko talatin. Ya fara dariya a hankali, dariyar ta yi tsawo, har ya cire tabarau yana share ido, kuma ban san daidai inda ta daina zama dariya ba.

Na zauna a ƙasa kan kafet kamar yadda muke yi, na yi shiru. Shi kuma yana ta jiran abin da zan faɗa. Sai da na bayyana masa cewa a wurinmu zaman shi ne gaisuwar, ba lalle sai an yi magana ba. Ya zauna a kujerarsa. Mun ɗauki kamar rabin sa'a a haka. Ban duba agogo ba.

Da zan tafi, ina sa takalmi, na ce, "Baba, ka yafe mini. Da na sani da ba a kai ta makwancinta babu ni ba."

"Ai ba a binne ta ba tukuna," in ji shi. "Sai Alhamis."

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. A Jos, wanda ya rasu da asuba, kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Ya ce haka ake yi a nan, kuma suna jiran 'yarsu tilo ta iso daga wata ƙasa mai nisa. Ya ƙara da cewa abokansu duk sun mutu ko sun ƙaura, bai ma san ko za a cika benci guda ba. Bai roƙe ni in zo ba, sai dai ya rubuta mini wurin da lokacin a bayan wata ambulan.

Ranar Alhamis na nemi izinin barin aji. Na taɓa ganin mahaifina yana raka gawar wani maƙwabcinmu Kirista har bakin kabari, saboda haka ban yi jinkiri ba. Mu takwas ne a maƙabartar, har da limamin coci. Da aka saukar da akwatin, 'yar ta dube ni ta tambayi mahaifinta a hankali ko ni wane ne. Ya ce mata maƙwabcinsa ne na sama. Sannan ya ɗebi ƙasa ya zuba mini a tafin hannu, na zuba a kabarin bayan 'yar ta zuba tata.