Gogen Da Malama Ba Ta Sallama Ba

Malama ta rasu ranar Laraba, sha tara ga watan Fabrairu, da hantsi, a gadon asibiti, bayan jinyar da ta kwantar da ita tun farkon shekara. Babbar 'yarta ce ta kira ni a waya ina tsakiyar narka gam. Na kashe wuta, na nemi wuri na zauna. Daga Allah muka fito, kuma gare Shi duk muka nufa.

Ni mai gyaran goge ne. Na ƙwarya da na katako mai tsirkiya huɗu, duk ana kawo min: wanda ya tsage, wanda wuyansa ya karkace, da bakan da izgarsa ta zube. Sai dai ban iya kaɗa goge ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Hannuna ya san wuƙa da gam, kunnena kuwa sai a hankali. Shekaru da dama, Malama, ke ce kunnena. Babu gogen da ya bar shagona sai kin ja masa baka kin sallame shi.

Da faɗa muka fara. Lokacin kina koyar da goge a makarantar kiɗa, kika hawo matakalar shagon da gogen wani ɗalibinki da na gyara, kika dire min shi a kan tebur.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Na ce ni ne.

"To, Kafinta, ka gyara masa jiki, ka shaƙe masa wuya."

Tun daga ranar sunan ya bi ni. Har jikokinki Baba Kafinta suke ce min, ni kuma ina amsawa.

Kin yi gaskiya a ranar. A cikin gogen katako akwai wata 'yar sanda da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, tana tsaye tsakanin gabansa da bayansa, ba gam ba ƙusa. In ta gusa ko da kaurin gashi ne, murya ta canza. Wannan aikin na mutum biyu ne. Ni in zura ƙarfe ta kafar gogen in taɓa ta, ke ki ja baka ki saurara. "Matsa. Ka zarce. Koma baya, wa ke korarka?" Ba ki taɓa ce min aiki ya yi kyau ba, ko sau ɗaya. In ya yi, sai dai ki lumshe ido ki ci gaba da kiɗa, ki manta da ni, har telan da ke ƙasanmu ya tsayar da kekensa. Wannan lokacin nake kewa fiye da komai.

Ina tuna wani direba da ya sayo wa 'yarsa goge mai arha, irin wanda inji ke fitarwa birjik. Na dube shi a wulaƙance, na ce a raina ɓata lokaci ne. Ke kuwa kika zauna a kan gogen har rana ta karkata, kamar wanda sarakai suka gada. Da mutumin ya fita kika harare ni. "Yarinyar ba ta san mai arha ba ne. Kada ka zama kai ne za ka sanar da ita."

In na buɗe tsohon goge, ba kya haƙuri sai kin zo kin leƙa cikinsa. Kina son ganin facin masu gyaran da suka riga ni, mutanen da ba mu san sunansu ba. Ki nuna wani ki ce wannan mai haƙuri ne, Allah Ya jiƙan sa. Ki nuna wani ki ce wannan yunwa ce ta sa shi sauri, shi ma Allah Ya jiƙan sa. Da sanyin ƙashi ya kumbura miki yatsu kika daina kiɗa a gaban jama'a, shagona ne kaɗai ya rage miki. Kina hawan matakalar nan kina hutawa, kina mita, amma kina zuwa.

Goge na ƙarshe na wani likitan haƙori ne. Na mahaifiyarsa ne, ya tsince shi a saman kabad bayan rasuwarta, gogen kuwa ya yi shiru tun likitan yana goye. Na buɗe shi, kika leƙa, kika ce kina ɗokin jin muryarsa. Kafin in rufe shi ciwo ya kwantar da ke.

Da na gama, na ɗauke shi na kai miki asibiti. Kika miƙa hannu, bakan ya suɓuce ya faɗi kan bargo. Can kika ce, "Kai za ka ja. Matso da shi." Kika ɗora tafin hannunki a bayan gogen, ni kuma na ja, karo na farko a gabanki. Ƙarar da ta fito kamar ta ƙofa mai tsatsa, har wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Kika yi dariya har da tari.

"Kiɗanka kam sai addu'a. Amma gogen yana da murya. Bai yi ba tukuna. Matsar da sandar kaɗan wajen tsakiya, ka dawo min da shi jibi."

Washegari 'yarki ta kira ni.

Na matsar da sandar, Malama, kamar yadda kika ce. Ban sani ba ko na kai, ko na zarce. Ɗalibanki sun ce za su zo su gwada, kuma na san sun iya, ke kika koyar da su. Na kasa ce musu su zo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki mata biyu, da ƙaninki da ya yi ta zirga-zirgar asibiti, da jikokinki, da ɗalibanki duk inda suke. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata makwancinki, Ya haskaka shi, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara, Ya saukar da ke a Aljanna. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.

Likitan zai zo ranar Asabar. Zan miƙa masa gogen mahaifiyarsa, in gaya masa gaskiya: an gama gyara, amma ba a sallame shi ba.